Takwarar Inna Mairamu

Ma'azu taubashina ne, ɗan gwaggona Mairamu ƙanwar babana. Don haka al'ada ta ba ni bakin faɗin duk abin da na ga dama a kansa, kuma ba ni da niyyar barin wannan dama ta lalace. In ka sauka tashar Gure ka tambayi gidan Ma'azu ɗan Mairamu mai man aduwa, sai dai a yi ta kallonka. Amma ka ce Ma'azu Shampanze, ɗan kabu-kabu ba zai ma tambaye ka unguwa ba.

Shampanze, ga wanda bai sani ba, wani babban biri ne baƙi wuluk, marar wutsiya, mai hannu irin namu, da ke zaune can cikin kurmi. Mu nan iyakar saninmu jan biri mai ɓarnar gona. Ma'azu kuwa shekara goma sha tara ya yi yana bin waɗannan halittu a ƙafa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma wai aiki ne, har da hutun shekara.

Ba da wannan niyya ya bar gida ba. Bida, wato neman kuɗi, ya tafi Abijan kamar sauran samarin zamaninmu, ya ɗora tiren kayan koli a ka. Tallan bai karɓe shi ba, don shi mutum ne da in ya ga biyu suna cacar baki sai ya sauke kaya ya tsaya kallo har la'asar. Wani mutumin Gamu ne ya ji tausayinsa, ya haɗa shi da wasu Turawa masu nazarin birai a wani kurmi can yamma, wajen iyakar Laberiya, waɗanda ke neman kuku. Ni da na san Ma'azu ko ruwa ya ɗora a wuta sai ya ƙone, har yau ina yi wa Turawan nan jaje. Wata shida suka yi suna haɗiya da haƙuri. Rannan Madam shugabar sansanin ta baza hotunan biran a tebur tana rubuta sunayensu, sai ya leƙo ta bayanta da tukunya a hannu, ya ce hotuna biyun nan biri ɗaya ne, ta dubi tsagar kunnen. Ta duba, haka ne. Kashegari aka karɓe ludayi aka ba shi karne na rubutu da biron bik da takalmin roba, cikin kowa ya huta.

Dokokin aikin su ne suka lalata mana shi har yau. Ka iso gindin bishiyar da suka kwana kafin su sauko, don kullum da yamma kowannensu yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon gado, ba ya komawa na jiya. Ka tsaya mita bakwai daga gare su. Ka rufe hanci da baki, kada ka sa musu murarka. Ba ka ci a gabansu, ba ka ba su kome, kuma duk abin da ya faru, ko kashe juna suke, ba ka sa baki: ka dubi agogo ka rubuta. To ka ɗauki mutumin da ya yi shekara goma sha tara a haka, ka dawo da shi Gure. Wurin suna ko ɗaurin aure za ka hange shi can gefe, mita bakwai cif, yana lura da wa ya fara gaida wa, wa ya matsa wa wa a tabarma, wa ya samu cinya da aka zo rabon nama. Ya taɓa gaya mini a garken da ya bi akwai wani da bai taɓa hawa bishiya farauta ba, amma da an kamo nama ya fi kowa ihu da miƙa hannu, kuma wai duk lokacin da ya gan ni a gidan biki sai kewar birin nan ta kama shi. Na bar masa wannan, don na rasa abin da zan ƙaryata a ciki.

Labarin da ya fi so shi ne na fasa ƙwallo. Akwai wasu ƴaƴan itace masu taurin tsiya da biran ke ɗorawa a saiwar bishiya su fasa da guntun ice ko da dutse. Dutse kuwa wuya yake a kurmin nan, sai uwa ta ɗauko nata daga nesa, ta riƙe shi gam. Ɗanta yana zaune gefenta shekara da shekaru, yana satar abin da ta fasa, yana dukan yatsunsa, sai ya kai shekara biyar ko shida kafin ya iya fasa nasa. In mace ta balaga sai ta bar garken da aka haife ta ta koma wani, kuma in can da ice suke fasawa, ita ma sai ta bi nasu. In labarin ya zo nan, matan unguwa sukan dubi juna su ce ashe dai ko'ina haka ne.

Ba banza labarin nan ya shiga ransa ba. Gwaggo Mairamu sana'arta ke nan tun muna yara: ta fasa ƙwallon aduwa ta fid da mai. Tana da wani baƙin dutse mai santsi, cike da hannu, da ta gada wajen uwarta daga duwatsun Kelle, kuma ba yaron da ya isa ya taɓa shi ya kwana lafiya.

Yanzu ga inda wayon Ma'azu ya ƙare. A shekararsa ta shida can, wata birinya da ya fi shaƙuwa da ita ta haifi mace, Madam ta ce shi zai raɗa mata suna, don a girmama shi. Ma'azu ya taɓa aure a can bai daɗe ba, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Kowa ya san a wurinmu in namiji ya samu ƴar fari sunan uwarsa yake sa mata, kuma ba abin da ke faranta ran tsohuwa kamar a ce an yi mata takwara. Ma'azu ya duba, ga jaririya, ga suna an danƙa masa, ga uwa tana tsufa a Gure ba takwara daga wajensa. Sai ya ce a rubuta Mairamu. Da ya tsaya nan da ba wanda ya ji. Sai ya sayi kasat ya ɗauki murya, yadda ƴan bida ke yi a lokacin, ya aiko gida da albishir.

Ina wurin ranar da aka saurara. Tsakar gida ta cika, wansa Hamidu tela ya sa kasat a rediyo. Ma'azu ya gaida kowa har awakin gidan, ya ba da labarin fasa ƙwallo da wuyar dutse, sannan ya gyara murya ya ce, "Inna, albishirinki, na yi miki takwara." Mata suka ɗauki guɗa. Shi kuwa ya ci gaba da kwatanta jaririyar da alfahari: gashi baƙi har bayan hannu, kunnuwa manya-manya, kuma kwananta uku kacal amma tana maƙale a jikin uwarta suna hawa bishiya tare. Guɗar ta tsaya wa matan a maƙogwaro. Hamidu ya kashe rediyo. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ta shige ɗaki. Mutane suka watse suna cewa yaron nan ya sa uwarsa kuka. Ni sai da na kai bayan gari kafin na saki dariyar da ke neman kashe ni, Allah ya yafe mini.

Wata uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu, ta rasu. Hamidu kaɗai ne a kanta. Ya Kaka, babbar yayarsu, tana aure a Kelle, ta iso an riga an kai ta. Saƙon ya yi wata biyu kafin ya ratsa kurmi. Da Ma'azu ya zo ta'aziyya, tambaya ɗaya ya yi wa wansa: Inna ta yafe masa kafin ta cika? Hamidu ya ci gaba da taka kekensa na ɗinki kamar ba da shi ake ba.

Wannan tambayar ce Ma'azu ya ɗauka ya koma kurmi da ita. Ya bi takwarar Inna tun tana goyo har aka yaye ta, har ta iya fasa ƙwallo, har ta kai shekara goma sha uku ta bar garken wata safiya ba sallama. Da ta tafi ya ga ba abin da ya rage masa can, ya tattaro ya dawo gida da tambayar tasa yadda ya tafi da ita. Ina yi masa tsiya, amma na san abin na cin sa. Mutum ya yi ta ba jama'a dariya, alhali bai san ko uwarsa ta bar duniya tana fushi da shi ba.

Hamidu kuwa gwani ne. Ya san addini ya hana gaba fiye da kwana uku, don haka bai taɓa yin gaba ba. In Ma'azu ya yi masa sallama sai ya amsa ta cikakkiya, har da rahama da albarka, daga nan kuma bakin ya rufe sai gobe. Liman ya je sulhu, Hamidu ya tambaye shi da ladabi wace rana ce ya ƙi amsa sallamar ƙanensa. Liman ya nemi takalmansa. Shekara goma sha biyu aka yi a haka tun dawowar Ma'azu, gidajensu katanga ɗaya.

Ma'azu yana noman rogo da albasa a kwari da safe, bayan la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, jama'a su taru ya buɗe labarin birai. Daga tabarmar zuwa zauren da Hamidu ke ɗinki, ba sai na faɗa muku mita nawa ba ne. Zauren ba kome a cikinsa sai keke, da benci, da wata ƴar jaka da Hamidu ya ɗinka ya rataye a bango bayansa, wadda kowa ya ɗauka maganin baki ce. Ni dai na lura da abu ɗaya: in labari ya kai inda babban garke ke kaɗa saiwar bishiya kamar ganga, ko inda wata uwa ta yi makonni tana ɗauke da gawar ɗanta ta ƙi ajiyewa, sai keken Hamidu ya yi shiru. Na ɗauka zare ne ke yawan tsinke masa.

Bana bayan girbi, idon Hamidu ya gaza. Yanar ido ta rufe masa gani har ba ya iya zura zare a allura. Ɗansa Lawali da ke Damagaram ya ce zai zo ranar Asabar ya ɗauke shi, a yi masa aiki ya zauna can gaba ɗaya. Ran Talata Ma'azu ya same ni duk ya faɗa, ya ce in Yaya ya tafi da maganar nan a cikinsa, shi ke nan. Na ce ya je ya durƙusa ya roƙe shi mana. Ya ce shekara nawa yana yin haka, kuma ai maza biyu ba sa shiryawa da kansu, ko a kurmi. Wai da wasu manyan birai maza biyu suka yi faɗa, kowa ya zauna yana kallon sama, ya taɓa ganin wata tsohuwar birinya ta je ta zauna tsakaninsu. Wannan ya shiga duba mata gashi ta dama, wancan ta hagu, don duba gashi shi ne gaisuwarsu, shi ne ban-haƙurinsu. Da hannuwa suka saba da aiki, sai ta zame a hankali ta bar su, su kuma suka ci gaba a jikin juna kamar ba su lura ba.

Na ce to madalla, sai dai mu ba mu da gashin. Ma'azu ya sunkuya ya ciro ƙarangiya ɗaya daga ƙafar wandona ya nuna mini. Duk wanda ya taka dajin Gure bayan damina ya san ta, ƴar ƙaya mai maƙalewa da ba ta fita sai an zauna an bi ta ɗaya-ɗaya.

Ni aka aika Kelle. Ya Kaka ta haura saba'in, amma kanta daidai yake. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato ni ce tsohuwar birin." Na ce ƙwarai kuwa, kuma a iya sanina ba a samu wadda ta fi ta dacewa ba. Ta kai mini duka da mafici, ta tambaya ko ita birinyar tana da sauran haƙora. Na ce Ma'azu ya ce biyu suka rage mata. Ta ce to ta fi ta da ɗaya, in nemo mota.

Ran Juma'a da la'asar ta sa aka sauke mu tun kafin shiga gari. Na ga da idona tsohuwar nan ta kwance babban mayafinta ta ja shi a ƙasa ta cikin saura, ta je ta dawo, har sai da ya yi nauyi da ƙarangiya, sannan ta yafa abinta tana tsine wa duk birin da ke duniya. Muka iso unguwa, ta wuce tabarmar Ma'azu, ta ƙi shiga zauren Hamidu, ta zube a ƙasa tsakiyarsu daidai. Ta kira su da muryar da take kiransu suna yara, ta ce su zo su raba ta da wannan masifa. Hamidu ya ce daga cikin zaure shi ai ba ya gani. Ta ce ba da ido ake neman ƙarangiya ba, yatsa ke samo ta, ko kuwa ya girma ne har ya fi ƙarfin kiranta. Ya lallaɓo ya zauna ta damanta. Ma'azu ya zauna ta hagu, kansa a ƙasa.

Suka fara cira. Ya Kaka ta yi ta mita, rabi da Hausa rabi da Barbarci, a kan direba da gwiwarta da ƴaƴan zamani. Jama'ar tabarma suka ga abin na gida ne suka zame, ni kuwa na auna mita bakwai na tsaya. Can da ta ga hannuwa sun kama aiki, sai ta dafe ƙirji wai ba ta yi la'asar ba. Ta sulale daga ƙarƙashin mayafin, ashe da hijabi a ciki, ta bar musu shi a cinya ta shige gida. Ban taɓa ganin tsohuwa mai ciwon gwiwa ta yi sauri haka ba.

Ba wanda ya ɗaga kai. Wannan na cira daga gefensa, wancan daga nasa, suna tara ƙayar a tsakiya, mayafin na ƙarewa, har yatsunsu suka haɗu a kan ƙarangiya ɗaya. Suka tsaya. 

Sai Hamidu ya ce, bai juyo ba, "A labarin naka, in tsohuwar ta zame, wa ke fara taɓa wani?"

Kalmarsa ta farko ke nan ga ƙanensa bayan sallama, tun rasuwar Gwaggo. Ma'azu ya ce, "Babban, Yaya."

"Ƙarya kake. Bara da azumi ka ce ƙaramin."

Ashe ba zare ke tsinkewa ba. Ma'azu ya matsa ya duba rigar wansa, ya duba wandon, ba ƙarangiya ko ɗaya, don mutumin da ke wuni a zaure ina zai same ta. Ya rasa yadda zai yi. Hamidu ya lalubo tarin da suka cire, ya dumbuza, ya watsa a ƙafar wandonsa, ya miƙe ƙafar. Ma'azu ya sunkuya ya fara cira, hawaye na ɗiga a kan yadin.

Bayan an jima Hamidu ya tambaya ko tana raye. Ma'azu ya gane wa ake nufi. Ya ce takwarar Inna tana nan, an gano garken da ta koma, wani tsohon abokin aikinsa yana turo masa hotonta ta waya, ƴaƴanta biyu, ga na uku a goye. Hamidu ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga murya ya ce, Jibirilla, kai da ke tsaye can kana yi kamar ba ka ji, shiga ka ɗauko jakar da ke bango. Na karya dokar mita bakwai na kawo. Tana da nauyi. Ya kwance bakinta ya juye a hannun Ma'azu, sai ga baƙin dutsen Gwaggo.

"Dariya take yi rannan, ba kuka ba," in ji Hamidu. "Ta sa na yi ta maimaita mata kasat ɗin a ɗaki har ya tsinke. Ta ce a kai wa takwararta wannan, tun da ka ce dutse wuya yake a can, kuma mace ba ta zama ba sana'a. Ni ne na ji kunyar mutane, ba ita ba. Daga baya kuma na ji kunyar daɗewar da na yi."

Ma'azu ya riƙe dutsen da hannu biyu. Ya sake tambayar nan tasa, ko ta yafe masa.

"Na tambaye ta ranar da za ta cika," in ji Hamidu. "Ta ce me ka yi?"

Ba zan ɓoye ba, ni ma na yi kuka, kuma Ya Kaka da ke leƙe ta bayan ƙyaure ta gan ni, har gobe ba ta bar ni na huta ba. Sallar da ta ce za ta yi kuwa, tun da ta faɗa na san ƙarya ce, don a hanya muka tsaya muka yi ta tare.

Lawali ya zo ran Asabar kamar yadda ya ce. Ma'azu ne ya riƙe hannun wansa har cikin mota, kuma kafin a tashi Hamidu ya ja masa kunne cewa labarin tsohon shugaban garken da aka tumɓuke bai ƙare ba, ya kira shi ya ƙarasa masa.

Dutsen bai je kurmi ba. Na ce wa Ma'azu wasiyya fa ce, ya ce ya sani, amma dokar aiki ta hana a ba su kome, kuma Inna mai fahimta ce. Yanzu in ka bi ta ƙofar gidansa bayan la'asar za ka same shi da kwanon ƙwallon aduwa a gaba, yana ɗora ɗaya a kan turmi yana saukar da dutsen uwarsa. Rabi su tsalle su faɗa kwata, rabi su niƙe da ɓawonsu, babban yatsansa na hagu kullum a ɗaure da tsumma. Jiya na ce masa a haka ba zai fid da man da zai cika cokali ba. Bai ko ɗago ba. Ya ce in ba shi shekara biyar, shi bai samu zama gefen Inna ba.